Ranar da Aka Yashe Kududdufin Mijinyawa

Kafin Datti a kan tudu take, tsakanin Gwarzo da Getso, kuma duk abin da tudu ya wanke gangare ne ke sha. A zamanin gyaɗa, lokacin da garin ya cika ya batse, ruwan marina mai shuɗi da na majema mai warin bagaruwa da jinin mahauta da abin da mata ke zubarwa in sun gama matsar ƙuli-ƙuli duk kwata ɗaya suke bi su sauka yamma da gari. A can kududdufin Mijinyawa yake. Ba shi ya haƙa shi ba, masu gini ne suka cinye ƙasar wurin tun da daɗewa, amma ko baƙo ka tambaya da sunan nan zai nuna maka hanya.

Mijinyawa ɗan makiyaya ne. Ubansa Jalo ya taɓa mallakar garken da sai an hau tudu ake ganin ƙarshensa, annobar shanu ta zo ta share shi, ta bar masa karsana guda. Jalo ya sauka kusa da ƙauyen Gammo ya ɗauki fartanya yana tsaki, haka ya yi ta noma yana tsaki har Allah ya karɓi abinsa. Shi kuwa Mijinyawa noma bai taɓa shiga ransa ba. Sai ya liƙe wa wani tsoho, Malam Hammadu, mai kula da kududdufin bayan marinar Gammo. A wurinsa ya ga abin da ya ɗaure masa kai: ruwa ya shigo baƙi ƙirin yana wari, ya fita ta ɗaya ɓangaren garau, har jaki ya kafa kai ya sha. Tsohon ya ce sirrin yana cikin taɓon ƙasan ramin, wai yana da rai, shi ke cinye ƙazantar. Uwa yake kiransa. Da Mijinyawa ya ba mahaifiyarsa Marka labari, ko ɗagowa ba ta yi daga kan ƙwaryarta ba. Ta ce, "To mene ne abin mamaki? Ka taɓa ganin madara ta zama kindirmo ba a ɗiga mata na jiya ba?"

Da ya auri Indo ya koma Kafin Datti, ƙwaryar taɓo ya ɗauko a kansa tun daga Gammo, ya rufe ta da jiƙaƙƙen tsumma, yana tafe yana yayyafa mata ruwa, don uwa in rana ta gasa ta ta mutu ke nan, ta zama ƙasa kamar kowace ƙasa. Mutanen gari suka yi dariya har da riƙe ciki. Suka ce wasu angwaye da akwati suke zuwa, wannan da laka ya zo.

Shi dai ya kama aikinsa. Ya raba kududdufin gida uku da gaɓar ƙasa, kowanne da ɗan bakin da ruwa ke tsallakawa zuwa na gaba. Na farko, inda kwata ke zuba, nan ya juye uwa, kuma safe da yamma yana tsaye a kansa da doguwar gora yana damawa, wai don ta sha iska. Duk taɓon da ya kufce ya kwanta a bakin fita, sai ya kwaso shi ya mayar. Na biyu faffaɗa ne marar zurfi, ya sare duk reshen da ke yi masa inuwa, rana ta buga gansakuka ta kama, ruwan ya zama kore shar tun daga sama har ƙasa. Na uku kuwa sai ruwa ya kwanta ya huta. Da kansu mutane suka raɗa musu suna, Baƙa da Koriya da Fara, shi kuma suka ce masa Sarkin Kwaɗi. Amma da bazara ta zo, rafi ya ƙafe, mai gari ya hana a shayar da dabba daga rijiya, bakin Fara ne kowa ya kawo tumakinsa da jakinsa. Daga shekarar nan kowane gida ya riƙa aika masa da dami in an yi kaka. Sunan dai ba su janye ba.

Haka ya tsufa a bakin ruwan nan, dogo siriri, ƙafafunsa duk kaushi. Da hanci yake duba lafiyar Baƙa. In ta yi ƙanshin ƙasa ranar ruwan fari, lafiya lau. In ya ji alamar ruɓaɓɓen ƙwai, ranar ko tuwo ba ya ci sai ya dama ta ta dawo. Kowane rani yana yasar ramukan, yana ba masu lambu taɓon, amma a Baƙa kullum yana barin kaso guda a jiƙe. Wannan bai taɓa yi wa kowa bayaninsa ba, don babu wanda ya taɓa tambaya.

Bayan kududdufi, abu ɗaya ne ke cikin ransa, saniyarsa Kyalla. Daga karsanar nan ta Jalo ta fito, uwa ta haifi uwa, wasu suka mutu, wasu yunwa ta sa aka sayar, har zuriyar ta tsuke ta rage ita kaɗai. In yana sosa mata wuya, garken ubansa gaba ɗaya yake sosawa. A shekarar da abin ya faru Kyalla na da ciki, 'yarsa Raliya ma na da ciki na fari. Bai faɗa wa kowa ba, amma ya riga ya yanke cewa abin da saniyar ta haifa na jikan ne, yadda Jalo ya so yi wa nasa jikokin bai samu ba.

Raliya 'yar fari ce, saboda haka tun da aka haife ta bakinsa bai taɓa furta sunanta ba. Mijinta Ya'u kuwa ba a ma magana. Kunya irin ta mutanensu ta yi katanga tsakaninsu. In suka hango juna a hanya, ɗaya ke ratsewa cikin gona. In dole ta kama a ambace shi, mutumin gidan can ne. Shi Ya'u manomin gyaɗa ne ƙaƙƙarfa, mai faɗin ƙirji da sakin hannu, irin mutanen da ba su iya ganin aiki a ajiye su wuce. Ba mugu ba ne ko kaɗan. Da ma mugu ne, ai da an san maganinsa.

Rani ya yi nisa sai kurkunu ya kama Mijinyawa a ƙafa biyu lokaci guda. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, Indo na naɗe masa zaren tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya. Ita ke zuwa ta ɗan juya gorar a Baƙa in ta samu sarari, amma gora ta fi ƙarfinta. Ya'u ya bi ta wurin ya ga taɓo ya taso, lokacin yasa ya wuce, mai abin na kwance. Ran nan da hantsi Indo ta dawo daga gidan 'yarta da fara'a.

Ta ce, "Malam, albishirinka. Mutumin gidan can zai yi maka gayya ran Laraba. Za su yashe kududdufi, su kai maka taɓon gonarka ta gyaɗa."

Mijinyawa ya yunƙura a kan tabarma. Ya ce, "Ki ce mata ta ce masa a bari sai na tashi."

Indo ta je ta dawo. Ta ce, "Ya ce ai dama ya san haka za ka ce."

Gaskiya ne kuwa, wane dattijon kirki ne za a ce za a yi masa gayya ya ce to, a zo? Sai ya ƙi, a matsa, ya sake ƙi, sannan a yi. Kowa a garin ya san wannan rawar, kuma Ya'u ya ɗauka ita ake takawa.

Mijinyawa ya ce, "To ki koma. Ki ce su kwashe na Koriya da Fara, amma Baƙa a bar mata uwarta. Ki faɗa yadda na faɗa."

Indo ta faɗa, amma daga bakin ƙofa, fuskarta na kallon danga, don ita ma 'yar farinta ce. Raliya ta ji, ta yi murmushin halin ubanta, ta ce wa mijinta Baba ya ce ko rabi suka yi ya isa, kada su wahalar da kansu. Ya'u ya yi dariya ya ce, "Rabi? Ni zan yi wa surukina rabin aiki, gari ya ji?" Ya tashi ya je ya ƙaro makaɗa.

Mai sauraro zai ce me ya hana tsohon ya aika wani namiji, liman ko mai unguwa, ya tsayar da abin? Ya yi wannan tunanin har kansa ya yi ciwo. Amma an riga an raba goron gayya, an jiƙa geron fura. A ce suruki ya turo baƙo ya hana gayyar da mijin 'yarsa ya kira, wannan mari ne a tsakiyar kasuwa, kuma Raliya ce za ta kwana da zafinsa. Ya ce a ransa wataƙila su gaji, wataƙila ƙasan Baƙa ya fi ƙarfinsu. Da wannan wataƙilar ya rufe bakinsa, kuma har ya mutu bai yafe wa kansa ba.

Ran Laraba tun rana ba ta yi zafi ba ganga ta tashi. Yana kwance yana bin aikin da kunne. Ya ji an toshe kwata, ya ji ƙarar guga ana kwarfe ruwa, ya ji jakuna na wucewa ta ƙofar gida da mangala, taɓo na ɗiga a hanya, ƙanshin ruwan fari na shigo masa zaure. Makaɗa na kiran samari ɗaya bayan ɗaya da kirarinsu, wanda aka kira sai ya ƙara nutsa kwandonsa. Wajen la'asar mata suka rangaɗa guɗa, kiɗan ya canja. Bai daɗe ba abokan Ya'u biyu suka yi sallama, laka har wuya, suka durƙusa suka ajiye masa faifai. A kai akwai curin jar ƙasa.

Ɗaya ya ce, "Baba, daga gindin Baƙa ne. Ya ce a nuna maka, ko na shafa wa bango ba mu bari ba."

Mijinyawa ya kalli curin. Sannan ya ce, "Allah ya yi albarka." Me kuma zai ce?

Aka buɗe kwata, ruwan gari ya ci gaba da sauka yadda ya saba, sai dai yanzu babu mai tarbarsa. Baƙin ya tsallaka Koriya, ya tsallaka Fara, ramukan uku suka zama abu guda. Wari ya hau tudu ya shiga gidaje, har a masallaci ana toshe hanci da bakin rawani. Kwaɗi suka yi shiru. Balbelun da ke sauka a gaɓa suka daina zuwa. Dabbobi suka je suka sunsuna suka juya, sai aka koma kora su can nesa ana tona yashin rafi, a samu ɗan abin da zai jiƙa musu maƙoshi. Kyalla da cikinta ba za ta iya wannan tafiya ba. Indo ta riƙa raba tulunta na rijiya biyu, rabi na gida, rabi nata, a ɓoye don kada mai gari ya ji. Saniya mai ciki a tsakiyar bazara, rabin tulu me zai yi mata? Haƙarƙarinta suka fara fitowa.

Ana cikin haka wata safiya gari ya ɗauki murna, wai kududdufi ya warke, ya yi kore. Mijinyawa ya sa Indo ta ɗebo masa a ƙwarya. Ya karkata ta wajen haske. Tasa gansakukar a cikin ruwa take zaune, gauraye da shi. Wannan kuwa a sama take yawo kamar maiƙo, mai kauri, gefenta da wani shuɗi-shuɗi. Ya ja tsinke a kai, ta tsage ta sake haɗewa. Ya kai hanci ya yi saurin kawar da kai.

Ya ce, "Wannan ba tawa ba ce. Kada Kyalla ta kusance shi. Ki gaya wa maƙwabta, ruwa ba ya tsami banza."

Indo ta gaya musu. Wasu suka ji, da yawa suka ce Sarkin Kwaɗi kishi yake yi, ruwa ya gyaru ba da gorarsa ba. Gidan Raliya ma ta aika, saƙon ya tarar Ya'u ya tafi Gwarzo neman irin gyaɗa, kuma da ya dawo ba wanda ya tuna.

Washegari Indo ta tafi layin rijiya tun da sassafe. Rana ta ɗaga ba ta dawo ba. Kyalla na ta kuka a turke, irin kukan da ke fita daga ƙasan ciki, Mijinyawa na zaure yana jin kowanne a ƙirjinsa. Can sai kukan ya tsaya. Shirun ne ya tsorata shi. Ya ja jiki da gwiwar hannu, ƙafafunsa na jan ƙasa, har ya kai bakin ƙofa ya leƙa.

Ya'u ne. Ya zo wucewa da tumakinsa ya ji kukan, ya kasa daurewa, ya zagaya ta ɓarakar danga don kada ya ratsa zauren surukinsa, ya kwance ta. Ga shi can yana gangarawa, igiya a hannu, tumaki a gaba. Bai yi nisa ba. Murya ɗaya za ta kai masa.

Mijinyawa ya buɗe baki. Sunan gajere ne, yaron da ke koyon magana ma zai iya faɗinsa. Ya taso masa har maƙogwaro ya tsaya cak. Ya duba hagu da dama ko zai ga wanda zai aika, hanya fayau, kowa na rijiya. Ya sake buɗe baki, abin da ya fito sai kiran makiyaya, wanda ya gada daga Jalo.

"Kyalla. Kyalla, zo nan."

Ta ji. Ta tsaya ta juyo da kai, farin goshinta na ƙyalli a rana. Ya'u ma ya ji muryar, kuma don ladabi bai waiwaya ba, sai ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri. Igiya ta ja, iska ta kawo mata ƙanshin ruwa, ta juya ta bi shi.

Kafin azahar Kyalla ta fara rawar jiki, kumfa na zuba daga bakinta. Ta faɗi a gaɓar Fara, ko wuƙa ba ta samu ba. Tumakin Ya'u ma suka bi ta, da na wasu gidajen. Aka ɗaura mata igiya a ƙafa aka ja ta daji da abin da ke cikinta. Da yamma Ya'u ya zo ya tsuguna a bayan bangon zaure yana kuka kamar ƙaramin yaro. Mijinyawa na ciki yana jinsa. Bango ɗaya ne tsakaninsu har aka kira magariba.

Da Ya'u ya tafi Indo ta ce, "Kana gani, Malam. Da ka kira."

Ya ce, "Na kira."

Ta ce, "Wa ka kira?"

Ya juya fuskarsa wajen bango.

Damina ta sauka ta wanke kududdufin, ƙafafunsa suka warke, Raliya ta haifi namiji. Ranar suna Mijinyawa ya aika da zabi biyu, ya zauna can bayan taro. Ya koma bakin Baƙa da gorarsa yana dama ruwan da babu uwa a cikinsa. Gonarsa kuwa, wadda aka juye wa taɓon, ta yi abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar. Gyaɗa ta rufe kunya ta rufe kwari, in aka tuge gindi guda sai an sa hannu biyu. Masu awo suka zo da kansu har bakin gona. Mutane suka riƙa tahowa daga ƙauyuka don su gani da idonsu, suna yi masa barka, suna cewa Allah ya mayar masa da saniyarsa ninki. Shi dai ko ƙwaya ɗaya bai kai bakinsa ba.

Ya so ya tafi Gammo ɗebo wata uwar tun da kaka, amma a lokacin ramuka cike suke, uwa na can ƙasan ruwa mai zurfi. Ya jira rani ya ja ruwan. Sannan ya ɗauko tsohuwar ƙwaryarsa, ya jiƙa tsumma, ya kama hanya yana ɗingishi. Ƙauyen farko da ya ratsa, kududdufinsu ja wur, an kankare shi kamar tukunya. Na biyu ma haka. A gonaki ga tulin baƙar ƙasa nan jere, ta bushe ta tsattsage. Ya daina duba gefen hanya, ya ƙara sauri iyakar abin da ƙafa ta yarda.

Malam Hammadu ya daɗe da rasuwa, amma marina na nan, ramin na nan bayanta. Mijinyawa ya tsaya a gaɓa. Ƙasa ja, da sawun kwanduna, da ɗan baƙin ruwa kwance a tsakiya yana warin ƙwai. Wani magidanci da ke ɗaure jakinsa kusa ya gaishe shi, suka gaisa har gida da gajiya, ya tambaye shi daga ina.

"Kafin Datti? Garin Mijinyawa mai taɓo ke nan. Baba, in ka koma ka gaishe mana da bawan Allahn nan, ya buɗe wa talakawa ido. Mu da muke zaune da arziki a bayan gida ba mu sani ba."

Mijinyawa ya ce, "Yaushe kuka yashe?"

"An yi kasuwa biyu. Gayya muka yi. Mun ji can har jar ƙasa suka kai, muka ce ba za a fi mu ba."

"Ba ku bar komai a jiƙe ba? Ko a wani lungu?"

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Wa zai bari? Daga nan har Kabo ba ka samun ramin da ba a taɓa ba." Sai ya lura da ƙwaryar da tsumman da ke ɗiga. Ya ce, "Baba, me za a zuba maka a ciki? Ko fura za a damo?"

Mijinyawa ya ce a'a, ya gode. Mutumin ya ce ai ya san haka zai ce, ya karɓi ƙwaryar daga hannunsa ya nufi gida da ita.